A Auna Ƙasar Kuza, A Kuma Duba Lafiyar Mata

Duk ɗan Kagarko ko Kwoi ko Kafanchan da ke neman abinci a Legas, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, da ya tara ɗan abin hannu, gida yake fara aikawa a yi masa gini, a zaunar da iyali. Shi ya sa batun tururin nukiliya, wanda ake ɗauka na Turai ne da Japan, ya shafe shi kai tsaye.

Kamar yadda kowa ya sani, ƙasar kuza ba ta tsaya a Jos da Bukuru kaɗai ba. A ramin haƙar kuza ne aka tono mutum-mutumin Nok na farko a 1928, a ƙasar Jaba, maƙwabciyar Kagarko. Yashin da ke raguwa bayan an wanke kuza yakan ƙunshi wani ma'adini mai suna monazait, wanda ke ɗauke da toriyam da yuraniyam, su kuwa suna fitar da tururin da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙar warinsa. A Filato masana sun auna tulin irin wannan yashi, sun tarar tururinsa ya zarce na ƙasar noma nesa ba kusa ba, ga shi kuma jama'a na ɗibarsa suna gini da shafe. Wa ke wankin kuza a bakin rafi, da goyo a baya? Wa ke wuni a cikin ɗaki da tsakar gida? Mata ne.

Abin da duniya ta sani game da illar wannan tururi, gwamnatoci ne suka biya kuɗin gano shi. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki na 1945, Amurka ta kafa hukumar bincike a 1947, wadda a 1975 ta koma ta haɗin gwiwa da Japan, aka yi ta bin lafiyar mutum wajen 120,000 shekara da shekaru. An gano cewa idan mace da namiji suka sha tururi daidai wa daida, haɗarin ciwon daji ya fi hawa kan mace, musamman sankarar mama ga wadda abin ya same ta tana gab da balaga. An kuma gano cewa ɗan tayi mai mako 8 zuwa 15 shi ne ƙwaƙwalwarsa ta fi taɓuwa. Duk da haka, ma'aunin da masana suka tsayar a 1975 jikin saurayi Bature ne mai nauyin kilo 70. Matar da ke tankaɗe yashi da tsohon ciki ba ta cikin wannan lissafi.

Nijeriya ba ta rasa kayan aiki ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Makamashi da Horaswa, inda ƙaramin injin nukiliya na ƙasar nan ya fara aiki a 2004, kuma auna abin da ke cikin ƙasa da duwatsu yana daga cikin aikinsa. Akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya da dokar 1995 ta kafa. Akwai asusun TETFund da ke ba malaman jami'a kuɗin bincike. Duk waɗannan da dukiyar talakawa aka tsayar da su.

To, amma auna ƙasa daban, bin lafiyar mutane daban. Malami zai ɗebi yashi ya kai Zariya, ya rubuta takarda, a ƙara masa girma, ita kuwa mai wankin kuza ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ciwon daji yakan ɗauki shekara goma ko ashirin kafin ya bayyana, saboda haka binciken wata shida ba zai nuna kome ba. Abin da wannan jarida ke kira ga Gwamnatin Tarayya da ta Jihar Kaduna su yi shi ne su ware kuɗi na shekaru masu yawa, a auna tsoffin ramuka da rijiyoyi da bangon ɗakuna a Kagarko, Jaba, Jama'a da Sanga, a buɗe rajistar ciwon daji da ta haihuwa a asibitocin Kagarko da Kafanchan, sa'an nan a sanar da sakamakon da Hausa da harsunan ƙasar, a masallaci da coci. In an tarar ƙasar lafiya lau, wannan ma labari ne da ya cancanci kuɗinsa.

Kada dai wani ya fake da wannan ya hana matarsa hoton asibiti. Sankarar mama ce ta fi kowace sankara kama matan Nijeriya, kuma jinkirin zuwa asibiti ne ke kashe yawancinsu. Mai ciki dai ta faɗa wa likita kafin a ɗauke ta hoto.

Ƙungiyoyin 'yan Arewa mazauna Kudu suna da murya, domin su ake bi gida-gida lokacin zaɓe. Lalle ne su rubuta wa wakilansu a Majalisar Tarayya da ta Jiha, su nemi a sa wannan bincike cikin kasafin kuɗi. Kafin nan, duk mai aika kuɗin gini ya tambayi magini daga ina aka ɗebo yashin.