Sata a Kantunan Karaye da Rogo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili in yi magana da masu kantuna na ƙasar Karaye da Rogo. Kullum suna kukan ɓarayi, amma a ganina rabin laifin nasu ne. Mutum ya jera sabulu da madara har bakin hanya, ranar kasuwa ya bar yaro guda da masu ciniki goma. Kafin yaro ya juyo da canji, gwangwani ya yi ɓatan dabo.

Malamai sun sani, a mazhabar Maliku ba a yanke hannu sai ɓarawo ya fitar da abin da ya kai rubu'in dinari ko dirhami 3 daga ma'ajiyarsa. Ashe shari'a ma ta kula da inda mai kaya ya ajiye kayansa.

To, a kafa kanta tsakanin mai saye da kaya, ƙanana masu tsada su koma bayanta. Kowace magariba a ƙidaya, a rubuta a littafi. Mu akawuna mun san amfaninsa. Wanda aka kama kuwa, kada a taru a doke shi, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Wasalam.