Kaka ta tafi, katinta ya ce ba ta da sana'a



Makon jiya munka yi rashin ɗaya daga cikin tsofaffin garin nan, wadda yara da manya ke kira Kaka. Iyalinta sun roƙi a sakaya sunanta, kuma ba sai an faɗa ba, duk wanda ya taɓa shan fura a zaurenta ya gane wa ake nufi. Kirista ce ƴar Katolika, ta haura shekara 90 in an bi lissafin katinta. Tun ranar da anka rufe ta magana biyu ke yawo a fada wajen shayi da bakin tasha. Ta farko: "To mi ta yi da za a zauna ana ba da tarihinta? Ai matar gida ce kawai." Ta biyu ta fi nauyi: "Mi ya kai Musulmi gaisuwar mutuwar Kirista?" Mu dai muna ganin duka biyun ba maganganun da za a bari su wuce a yi shiru ba ne.

Ku ɗauko katin ɗan ƙasa na uwarku ko kakarku ku duba. Wajen ranar haihuwa za ku ga an sa "wajajen" shekara kaza, don babu wanda ya rubuta ranar. Wajen sana'a kuma kalma ɗaya ce ta Faransanci, menajer. Haka na Kaka yake: wajajen 1933, menajer. A idon ma'aikacin ofis ma'anar kalmar nan ita ce mutum ba ya aikin da ake biya, don haka babu fansho, babu takardar yabo, babu abin da za a karanta a rediyo in ban da sunan mijinta da na ƴaƴanta maza.

To bari mu yi lissafin da ofis bai yi ba. An yi mata aure ba ta kai shekara 20 ba. Ko shekara 70 kawai anka ƙirga, kwana ya haura 25,000, kuma ba ranar da tukunya ke hutu a ciki. Yaran yanzu da sunka tashi sunka iske injin niƙa a kowace unguwa ba su san mi ake nufi da surfe da daka da tankaɗe kafin rana ta fito ba, sa'annan a ɗauki tulu a nufi rijiya, a dawo a nemi kara ko itace, a dama fura a kai gona. Mijinta ya yi aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, wadda anka kafa a shekarun 1960, amma duk wanda ya zauna gidan ɗan albashi ya san kuɗin ba ya kai ƙarshen wata. Abin da ke cike giɓin nan shi ne man gyaɗa da ƙuliƙuli da take yi, da ƙosan safe, da adashe. Da su anka sayi alli da littafi da takalmin lakwal. Yau a cikin ƴaƴanta akwai malamin makaranta, akwai ma'aikaciyar likita, kuma kowannensu an rubuta masa sana'a a kati.

Ta haihu 11, bakwai sunka rayu. Wanga ba abin mamaki ba ne ga matan zamaninta. Binciken lafiya na ƙasa da anka yi a 1992 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku a Nijar ba ya kai shekara biyar. Ƙyanda, sanƙarau, zawo, masassarar damina. Duk uwar da ta fitar da bakwai daga cikin wannan wuta ta yi aikin da ya kamata a tsaya a ambata, ko da ba ta san ko harafi ɗaya ba.

Sai kuma shekarun yunwa, waɗanda tsofaffi ke ƙirga zamani da su. Farin 1973 da 1974, wanda ya kashe dabbobi ya kuma taimaka wajen faɗuwar gwamnatin Diori Hamani ranar 15 ga Afrilun 1974, lokacin da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Bayan shekara goma ga El Buhari, yunwar 1984 da ta samu suna daga shugaban Najeriya na lokacin, saboda ya rufe iyaka daidai sa'adda damina ta ƙi. Mu da ke rayuwa da kasuwancin Konni da Illelar Najeriya mun fi kowa sanin abin da rufe iyaka ke yi wa tukunya, mun sake ganinsa a 2019, mun kuma ganinsa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. A littattafan tarihi sunan shugabanni ake rubutawa a gaban waɗannan shekaru. Amma wa ya jiƙa anza kwana da kwanaki har ɗacinta ya fita don yara su samu abin sa wa a baki? Wa ya dafa tafasa ya yaryaɗa ɗan ƙuli ya ce ku ci, ni na ƙoshi? A watan Janairun 1994 anka karya darajar sefa, kuɗi ya rasa rabin ƙarfinsa dare ɗaya. Mazaje sunka yi ta muhawara a bakin rediyo. Mata su ne sunka rage gishiri da mai, sunka ƙara ruwa a miya, ba tare da kowa ya kira taro ba.

Maƙwabta mata sun fi tuna ta da wani abu daban. In naƙuda ta yi gardama da dare, ita ake bugawa ƙofa. Ta ɗaura zane ta shiga amalanke ko mota ta raka mai ciki likitar Galmi, ta zauna har a sauka, don ba ta jin tsoron farar riga kuma ta san yadda ake yi wa ma'aikata magana. Samari nawa ne a fadar da ake cewa "mi ta yi" waɗanda ita ta fara ɗaukarsu a hannu? Su je su tambayi iyayensu mata.

Yanzu maganar addininta, don a nan ne mutane da yawa ke cakuɗa abubuwa. A yankinmu in an ce Kirista, hankali na zuwa Galmi, saboda asibitin da mishan ta SIM ta buɗe can a 1950. Amma mutanen SIM da majami'un da sunka fito daga cikinta Furotesta ne. Katolika hanyarsu daban, shugabancinsu daban. Mishan ɗinsu ta farko a Nijar an kafa ta a Yamai a 1931, kuma har zuwa 2001 ƙasar gaba ɗaya tana ƙarƙashin bishop ɗin Yamai. A shekarar ne anka yanke yankin Maraɗi, wanda ya haɗa jihohin Tawa, Maraɗi, Damagaram, Agadas da Diffa, anka naɗa Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso bishop na farko. Ku duba faɗin wannan ƙasa, sa'annan ku tuna a ƙidayar 2012 Kiristocin Nijar dukansu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Ma'ana, mace ƴar Katolika a ƙauye irin namu tana iya yin makonni ba ta ga limaminsu ba.

Da yawa daga cikin Katolikan farko a garuruwanmu ma'aikata ne da sunka zo daga Dahome, Togo da Haute-Volta, wato Benin da Burkina ta yau, kuma tsofaffi na tuna yadda anka kori ƴan Dahome a ƙarshen 1963 lokacin rikicin tsibirin Lete. Shi ya sa har gobe wasu ke ɗauka duk Kirista baƙo ne. Kaka kam Bahaushiya ce gaba da baya, daga ƙasar Arewa ta fito, wajen Dogondutsi, inda Katolika ke da mishan tun kafin samun mulkin kai. Da Hausa take addu'a, da Hausa take faɗa, kuma in ta ɗauko karin magana sai ka rasa ta cewa.

Riƙon da ta yi wa addininta ba mai hayaniya ba ne. Carbinta na ƙarƙashin matashi, da asuba kafin ta taɓa turmi sai ta ja shi. In da kuɗin mota, Lahadi ta tafi majami'ar Konni. In babu, ta tara ƴaƴa a ɗaki su yi abin da ya sawwaƙa. Ranar Nowel maƙwabcinta Musulmi take kira ya yanka mata dabba, don kwanon da za ta aika gida-gida kada wani ya yi shakkar cinsa. Ranar layya kuma gidanta ke fara cika da nama. In watan azumi ya kama, ba a ganin ɗanta yana tauna abu a waje da rana, kuma kunun buɗa baki na fita daga madafinta kamar na kowa. Biyu daga cikin ƴaƴanta sun musulunta. An ce abin ya yi mata zafi, ba ta ɓoye ba, amma ba ta yanke zumunci ba, kuma jikokinta masu zuwa makarantar allo ita ke tashe su da safe in sun makara.

Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba su ɓace mana ba. Bayan zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta buga, anka ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, anka yi asarar rayuka. Fushin zanen kowa ya ji shi, mu ma mun ji. Amma waɗanda anka ƙona wa wuraren ibada ba su ne sunka yi zanen ba, yawancinsu ko sunan jaridar ba su taɓa ji ba. A kwanakin nan matan unguwa ne sunka kwashi tabarmi sunka tare a gidan Kaka, ba wanda ya aike su, suna tsinkar zogale suna hira har ƙura ta lafa. Matan nan ko ɗiyansu su ne akasarin waɗanda anka gani wajen zaman makoki makon jiya, kuma su ake yi wa gori yanzu.

Mu ba malamai ba ne, kuma ba za mu tsoma baki cikin abin da ya shafi sallar gawa ko roƙa wa mamaci gafara ba. Wannan fage yana da masu shi, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Babu wanda ya ce Musulmi ya shiga ibadar da ba tasa ba, kuma iyalin ma ba su nemi haka ba. Abin da muke magana a kai shi ne ka taka ka je, ka zauna a tabarma, ka ce wa ɗan da ya rasa uwa "sannu, ya haƙuri, Allah ba da dangana", ka kawo tiyar gero ko ka taya kafa rumfa. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma tun muna yara malamanmu ke karantar da mu cewa maƙwabci na da haƙƙi ko da addini bai haɗa ba. A cikin Buhari da Muslim an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye lokacin da anka wuce da gawar Bayahude. Wanda ya ci ƙosanta bashi shekara da shekaru, yau ya ce ƙafarsa ta fi ƙarfin zaurenta, to sai ya gaya mana a wane littafi ya karanta hakan.

Kuma a lura, masu wagga magana galibi ba dattawa ba ne. Dattawan sun je, limamin unguwa ma ya aika gaisuwa. Samari ne da ke ɗaukar karatu daga guntayen sauti na WhatsApp, inda ba ka san mai maganar ba, shi ma bai san garinku ba, bai san wa ya raka uwarka likita ba. Wanga shi ne abin da ya fi damunmu, don Kiristocin da sunka rage a tsakaninmu ƴan kaɗan ne, kuma suna saurare. In ɗan Kaka da ke aiki a Yamai ya ji abin da ake faɗa a garin da anka binne cibiyarsa, da wace zuciya zai kawo ƴaƴansa hutu?

Akwai kuma abin da ya shafi kowane gida, na Musulmi da na Kirista. Tsofaffin matan da sunka ga zamanin Faransawa da idonsu sun kusa ƙarewa. Tarihin da maroƙa ke riƙe da shi na sarakai ne da mayaƙa, na ofis kuma na ma'aikata ne. Yadda anka haƙa rijiyar unguwa, shekarar da anka fara noman albasa don sayarwa a kwarin Maggiya, wane gida ya ciyar da wane a El Buhari, wannan duk yana bakin tsofaffin mata ne kaɗai. Kowannenmu na da salula mai ɗaukar murya. Jikokin Kaka sun ce abin da sunka samu nata bai wuce hotuna biyu da wata gajeriyar murya da ta aika wa ɗanta tana tambayar ko ya ci abinci ba.

Don haka muna roƙon masu karanta sanarwar rasuwa a gidajen rediyon yankin nan: in mace ce, a tambayi iyali abin da ta yi a rayuwarta a faɗa, ko da jimla biyu ce, kada a tsaya ga "matar wane, uwar su wane". Ku kuma ƴan fada, daren yau in an sauke shayi na biyu, wani ya ɗauki kofi ɗaya ya kai wa tsohuwar gidansu, ya kunna salula, ya tambaye ta mi sunka ci a shekarar El Buhari da kuma wa ya ba su. Aminiyar Kaka, Hajiyar da sunka yi shekara 50 katanga ɗaya ke raba su, tana nan da ranta da hankalinta, kuma tun ranar rasuwar ba ta fito ƙofar gida ba. Masu zuwa gaisuwa su biya ta wajenta.