Raddi ga mai cewa "wuf" ba Hausa ba ce

A wata majalisa a Kangire, bayan la'asar, wani malamin makaranta ya kafa hujja uku a kan kalmar "wuf". Ina girmama shi, amma biyu daga ciki ba su da ƙafa, ta ukun kuma ɗingishi take yi.

Ya ce aro ce daga Turanci, wai kukan karen Bature ne yaran Facebook suka kwaso. Malam, gafarta, tun kafin waya ta iso Birnin Kudu tsofaffinmu ke cewa shaho ya yi wuf da ɗan tsako. Kalmar amsa-kama ce, 'yar ɗakin su caraf, farat, zumbur da tsam. Dubi ƙarshensu: duk baƙi ne, alhali galibin sunaye da aikatau na Hausa da wasali suke ƙarewa. Wannan ita ce shaidar gidansu. Kamannin sauti kuwa ba ya ƙulla zumunta. In da yana yi, da "sun" ɗinmu na "sun tafi" ya zama ranar Turawa.

Ya ce ma'anarta sauri ce kawai, don haka ba a bukatarta. A nan ne ya fi yin nisa da hanya. Wanda ya ɗaga ƙafa daga Kangire zuwa asibiti a Birnin Kudu garzayawa ya yi. Ɓarawon akuya da ya hango 'yan banga arcewa ya yi, ko ya fece. Babu wanda ya yi wuf a cikinsu. Wuf motsi ɗaya ne, na ba-zata, kafin ƙiftawa da bismilla, kuma sau da yawa akwai abin da aka fizge, akwai kuma wanda aka bari da sakin baki. Sa "sauri" a gurbinta ka ji yadda zancen zai lanƙwashe.

Ya ce samari sun ɓata ta da suka mai da ita aure, har Kannywood ta yi shiri mai dogon zango da sunan. To, "kamu" fa? Ba barewa ake kamawa a gidan biki ba, kuma ban ji Malam ya yi ƙorafi ba. Saurayin da ya yi shekara uku yana zance, wani ya zo daga Gwaram ya kai sadaki cikin mako biyu, ya san ba a ƙara wa kalmar komai ba.

Inda na ba shi gaskiya guda ne, da ya ce masu rubuta "wuff" sun yi kuskure. Ƙa'idar rubutun Hausa ba ta rufe kalma da baƙi iri ɗaya sau biyu a jere. F ɗaya ta isa.