Don zomo ya kamu, kada a hana yaro ƙwai

Saƙo yana yawo a WhatsApp a Yamai: wai ƙwai yana toshe jijiyoyin jini, masana sun gwada. Wasu iyaye har sun janye shi daga kwanon yara. Dā ma akwai tsohon camfin nan cewa yaron da ke cin ƙwai zai tashi ɓarawo, yanzu an samo masa rigar kimiyya.

Gwajin gaskiya ne, amma a kan zomo aka yi shi. A 1913, a birnin San Pitasbag na Rasha, likita Nikolai Anichkov ya riƙa ɗura wa zomaye kolestarol da aka narkar cikin mai. Da ya duba babbar jijiyarsu, sai ya tarar kitse ya manne a bangonta, irin wanda ake gani a jijiyar mai ciwon zuciya. Wannan aiki ne ya buɗe hanya, kuma yau an tabbatar cewa yawan kolestarol a cikin jini yana da haɗari ga ɗan Adam.

Sai dai zomo ciyawa yake ci. Jikinsa bai saba da wannan kitse ba, shi ya sa ya taru masa a jini. Da aka ba karnuka da ɓeraye, ba su kamu haka ba. Mutum kuwa, yawancin kolestarol ɗinsa jikinsa ne ke haɗa shi, musamman hanta. A 2015 Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana daga shawarwarinta na abinci, ta mai da hankali kan kitsen nama da mai mai daskarewa.

A Nijar, inda tamowa da tsumburewa ke addabar yara, hana yaro ƙwai asara ce tsantsa. Abin da ya fi cancantar sa ido shi ne man da ake ta maimaita suya da shi a ƙofar makaranta, da lemun kwalba, da yawan gishiri. Babba mai hawan jini ko ciwon suga kuma, likitansa ne zai tsara masa abinci.

Malaman SVT, ga darasi ya zo muku har aji. Ku ba ɗalibai labarin Anichkov, sannan ku koya musu tambaya uku: a kan wace dabba aka gwada, nawa aka ba ta, kuma me aka gani da aka duba mutane? Yaron da ya iya waɗannan tambayoyi zai kare gidansu daga jita-jitar waya. Iyaye kuma, gobe da safe a dafa wa yara ƙwai.