Ra'ayinmu: Manajan Yankees da hukuncin ƴan kallo

Masu karatu, a ƙasar Amurka akwai wani wasan ƙwallo da ake kira besbol, wanda mutanen can suka riƙe tamkar gadon iyaye. Kowace ƙungiya tana shiga fili da mutum tara. Mai jifa ya jefo ƙwallo, mai bugu ya tare ta da sanda, in ya same ta sai ya ruga ya bi ta zango uku, in ya komo inda ya tashi an ci maki ɗaya ke nan. Zagaye tara ake yi a wasa guda, kuma kowace babbar ƙungiya tana yin wasa 162 a shekara kafin a shiga gasar fidda zakara. Mai riƙon ƙungiya, wanda suke ce ma manaja, shi ke jera masu bugu daga na ɗaya har na tara, shi ne kuma mai cewa wane mai jifa ya tsaya, wane ya fita. A kan waɗannan abubuwa biyu ne gardamar magoya baya take tashi kullum.

Babu inda gardamar ta fi zafi kamar birnin Niyu Yok, gidan ƙungiyar Yankees, wadda ta ci kambun ƙasa sau 27, na ƙarshe a shekara ta 2009. A watan Disamba na 2017 aka ba Aaron Boone riƙonta. Daga 2018 zuwa 2025 ya kai ta gasar fidda zakara sau bakwai cikin shekara takwas, ya ci wasa 100 a 2018, ya ci 103 a 2019, amma kambu bai zo gida ba. Shi ya sa duk watan Oktoba sai a ji kira a gidajen rediyo cewa a sallame shi. Wasu su ce yana barin wanda hannunsa ya yi sanyi a jerin masu bugu, wasu su ce kare ƴan wasansa gaban ƴan jarida ya yi yawa.

Ba za mu ce kukan nasu ba shi da tushe ba. Ran 25 ga Oktoba 2024, a wasan farko na gasar ƙarshe da ƙungiyar Dodgers ta Los Anjeles, an yi kunnen doki har aka shiga zagaye na goma, Yankees suka wuce gaba da 3 da 2. Boone ya kira Nestor Cortes ya yi jifa, alhali mutumin ya fi wata guda bai yi wasa ba saboda ciwon gwiwar hannu. Freddie Freeman ya buga ƙwallo ta tsallake shinge, maki huɗu suka shiga lokaci guda, wasa ya ƙare 6 da 3. Duk wanda ya tambayi dalilin wannan zaɓi, tambayarsa tana kan hanya.

Amma fa a duba yadda ƴan kallo ke yanke hukunci. A 2003, a wasa na bakwai tsakanin Boston da Yankees, Boston na gaba da 5 da 2 a zagaye na takwas, manajanta Grady Little ya bar gwaninsa Pedro Martinez yana jifa duk da alamun gajiya. Aka rama, aka ci Boston 6 da 5, kuma Boone ɗin nan, lokacin yana ɗan wasa, shi ya yi bugun da ya rufe wasan. Kafin watan ya ƙare Little ya rasa aikinsa. A 2020 kuwa, Kevin Cash na ƙungiyar Tampa Bay ya fidda Blake Snell a zagaye na shida bayan jifa 73 kaɗai, yana cikin ƙarfinsa, ƙungiyarsa na gaba da 1 da 0. Dodgers suka ci 3 da 1, suka ɗauki kambu. An zagi na fari don ya bar mai jifa, an zagi na biyu don ya fidda shi. Gaba kura, baya siyaki. Ɗan kallo yana magana ne bayan ya ga inda ƙwallo ta faɗi, manaja kuwa tilas ya zaɓa tun tana hannun mai jifa.

Abu na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wasa na biyar na gasar 2024 ɗin, Yankees na gaba da 5 da 0, sai a zagaye na biyar ƙwallo ta suɓuce ma Aaron Judge, Anthony Volpe ya yi jifa marar kyau, Gerrit Cole kuma bai je ya tsare zangon farko ba. Dodgers suka rama biyar ɗin nan take, suka ci 7 da 6, gasa ta ƙare. Babu jerin sunayen da zai kama ƙwallon da ta faɗi daga hannun gwani. Bayan haka, ƴan wasan da manaja ke jerawa ofishin ƙungiya ne ke sayo su, ofishin da aka danƙa ma Brian Cashman tun 1998, kuma a nan ne masu lissafin wasa ke zaune suna ba da shawara. Amma babba juji ne, manaja ake gani a talabijin, kansa ake zuba shara.

Sai maganar magaji. Tarihin Yankees kanta ya isa darasi. Marigayi George Steinbrenner, mai ƙungiyar, ya naɗa Billy Martin sau biyar tsakanin 1975 da 1988, yana kora yana maidowa, yana gwada wasu a tsakani, kuma daga 1979 zuwa 1995 ba a ga kambu ba. Da aka kawo Joe Torre a ƙarshen 1995, har jarida ta yi masa ba'a, sai ga shi ya ci kambu huɗu cikin shekara biyar. Shi Boone ma magaji ne: an rabu da Joe Girardi a 2017 bayan ya rage masa wasa ɗaya ya kai gasar ƙarshe, aka ɗauko Boone daga aikin sharhi a talabijin, bai taɓa riƙon ƙungiya ba. A ɗaya gefen, Dodgers sun haƙura da Dave Roberts bayan ya faɗi a gasar ƙarshe a 2017 da 2018, magoya baya na neman a kore shi, ya kuwa kawo kambu a 2020 da 2024 da 2025. Gaskiya ne Boston ta ci kambu a 2004 da sabon manaja Terry Francona, na fari tun 1918, amma ya zo ne tare da sababbin masu jifa, Curt Schilling da Keith Foulke.

To, ga inda muka tsaya. Magoya baya su ke biyan kuɗin shiga fili, suna da ikon tambaya, kuma shekara takwas babu kambu abin tambaya ne ga ƙungiya irin Yankees. Amma mai neman a sallami mutum daga aikinsa ya kamata ya auna dalilin shawararsa a lokacin da ya yanke ta, ya duba aikinsa na shekaru, ya kuma faɗi sunan magajin da abin da zai gyara wanda na da ya kasa. Idan amsoshin nan suka nuna sauyi ya wajaba, a yi shi ba da nauyin baki ba. Idan kuwa fushin dare ɗaya ne kawai, to masu ƙungiya su saurara da ladabi, su bar mai aiki ya yi aikinsa.