Noman bene ko noman rani? Mu yi lissafi

1/ Kwana biyun nan sai yawo ake da hotunan "noman bene": ganye a kan kantoci hawa-hawa cikin rufaffen ɗaki, ba ƙasa, ba rana, sai fitilu. Wai shi ne makomar noma. 'Yan Karaye da Rogo, ku matso mu yi lissafi kafin a cika mu da romon baka.

2/ Hasken ranar da Allah Ya ba mu kyauta, su da kuɗi suke sayensa a mita, ga na'urar sanyaya ɗaki dare da rana. A Afrilun 2024 wutar rukunin A ta koma naira 225 kowane yunit. A ƙauye kuwa wutar sai ta ga dama. Da janareta za ka raini latas? Haba!

3/ Can inda wuta ba ta ɗaukewa ma abin ya ƙi ci. A Amurka, AeroFarms ya bayyana karayar arziki a 2023, Bowery ya rufe a 2024, Plenty ya nufi kotu kan bashi a 2025.

4/ Kuma me suke nomawa? Latas da ganyayyaki masu tsada. Babu masara, babu dawa, babu shinkafa. Tuwon latas za mu tuƙa?

5/ Su fili ne ya yi musu tsada, sanyi ya hana su noma rabin shekara. Mu ga ƙasa, ga rana, ga madatsar Challawa a Karaye tun 1992, ga ta Kusalla.

6/ Abin da ke cin manominmu daban ne: fetur ɗin injin ban-ruwa tun da aka cire tallafi a Mayun 2023, tsadar taki, hanyar da mota ke tsoro, da tumatirin da ke ruɓewa a kwando har dillali ya saya yadda ya so.

7/ Ba gaba nake da fasaha ba. A kawo famfo mai aiki da hasken rana, ban-ruwa na ɗigo, ingantaccen iri, da wurin busarwa da ajiya. Wannan fasahar manomi zai gani a aljihunsa.

8/ Duk wanda ya zo da maganar noman bene da kuɗin jama'a, ku tambaye shi: kilo ɗaya nawa zai tsaya, kuma wa zai saya a kasuwar Rogo? In ya fara kame-kame, kun ji amsa.