Takeda ta watse, to sai me?

Duk sa'ad da hira ta kai ga kiɗan zamani na Nijar, a fada ko a bakin lakwal, sai wani ya taɓe baki ya ce ai su ƴan orkes ɗin da ƴan mashaya ne, kuma ba su daɗe ba suka watse. Magana biyu ke nan, kowace da ƴar gaskiya cikinta. Amma wanda ya tsaya nan ya yi wa mutanen ga zalunci, kuma mu samarin Gangara mun fi kowa yawan yin sa.

Bari mu ɗauki Takeda. An fara gasar Ɗan Gurmu, da sunan mai gogen nan na Tawa, don a zaburar da makaɗan ƙasa. A 1990 aka buɗe cibiyar koyon kiɗa a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Alhaji Taya, da taimakon kuɗin Turai. Daga cikin waɗanda suka haɗu a wajen ne aka kafa Takeda. Dubi sunayen: Musa Pusi, Adams Junior mai rege, Fati Mariko, John Sofakole, Yakuba Mumuni mai sarewa, da namu na Maraɗi, Sa'adu Bori. Bazabarme da Bafillace da Bahaushe a dandali guda, jita da ganga da sarewa, kowa na jin abin da ɗan uwansa ya taho da shi daga gida.

Ba ta yi tsawon rai ba, gaskiya ne. Zakaru da yawa a akurki guda, ka san ba a kwana lafiya, ga shi ƙasar ba ta da kasuwar faifai da za ta ciyar da mutum goma. To amma ku bi sawun waɗanda suka fita. Ibrahima Sylla, ɗan Senegal ɗin da ya fitar da manyan makaɗan Afirka ta Yamma, ya zo Yamai ya ɗauki Musa Pusi da Sa'adu Bori, faifansu Niamey Twice ya fito a 1994 a kamfanin Stern's na Landan. Shekara guda bayan haka Yakuba Mumuni ya kafa Mamar Kassey, wadda ta kai sunan Nijar dandalin Faransa da sauran ƙasashe. Fati Mariko ta ci gaba da Marhaba. In wannan ne watsewa, Allah ya ba mu irinta goma.

Batun Sa'adu ya fi ci mini rai. Mutumin nan ya ɗauki kiɗan bori na Maraɗi, wanda ƴan boko ke jin kunyarsa, malamai ke tsine masa, ya ɗora shi bisa jita da ganga ta Turawa, ya rera da Hausar da tsohuwarka ke ji ba tafinta. Kaset ɗinsa ya ƙetare Dan Isa da Jibiya, direbobin Katsina da Kano suka riƙa sa shi a mota. Ya rasu a 2008 a haɗarin mota. Yau tambayi ɗan lise a Agye ko Gazawa wace ƙungiya ya taɓa yi wa waƙa, sai ya tsaya yana kallonka, alhali wayarsa cike take da waƙoƙin fim na Kano.

Sai zancen mashaya. I, orkes na wancan zamani sun yi wasa a otel da gidajen rawa inda ake sayar da giya. Ina kuke so su yi? Nan ne akwai wuta, akwai lasifika, akwai mai biya a ƙarshen dare. Kuma nan ne makaɗi ke koyon abin da ba a koya a ɗaki: ya yi awa huɗu a tsaye gaban mutanen da ba su jin nauyinsa, in ya kuskure kiɗa su tashi su bar shi. Mai jita ba shi ya zuba wa kowa giya ba. Ko mai tuƙa-tuƙa da ya kai mashayi gida ba mu ce masa ɗan mashaya.

Abin dariya, mu masu ƙyamar ne muke cika fili ran biki, muna rawa da kiɗan kwamfuta da wani yaro ya haɗa shi kaɗai a situdiyo, muryar an gyara ta da na'ura har ba ka bambanta ta mace da ta namiji. Wannan bai dame mu ba. Amma yaro ya ce zai koyi jita, sai uba ya ce ya lalace, abokai su ce zai ƙare a bariki. Daga nan har Gidan Rumji, ƙauye nawa ne za ka tara samari biyar da za su iya riƙe waƙa guda da hannunsu, ba kebul ba kati?

Masu goge da kalangu da gurmi suna nan cikin garuruwanmu, suna tsufa, ba mai zama kusa da su. Sa'adu wajen irinsu ya ɗebo abin da ya kai Landan. Ƴan ƙungiyarmu ta marubuta da ke da waya mai ɗaukar murya, ran kasuwa mai zuwa ku nemi guda ɗaya ku zauna da shi, ku tambaye shi sunan kowane kiɗa da wanda ya koya masa.